Masu Dubiyar Zalika

Akwai wata mata a Goudel mai suna Zalika. Mijinta na noman salati a bakin kogi, ita kuma tana kaiwa kasuwar Petit Marché. Wata rana ta ji ƙulluto a nononta. Aka yi gwaji, lokotoro ya ce kansa ce, wato ciwon daji, amma an gano da wuri. Ya rubuta mata shimiyo, maganin da ake ɗura wa ta jijiya, sau shida.

Ta yi biyu lafiya. Gashinta ya zube, amma tana cin abinci, har tana tsokanar yayarta Tabawa mai jinyarta: "Yaya, na huta da kuɗin kitso."

Sai labari ya bazu, masu dubiya suka fara cika tabarma.

"Sannu Zalika. Wayyo, haka Fatuma ta layinmu ta fara. Ba ta kai azumi ba."

"Ai ba cutar ke kisa ba, ƙanwata," in ji wata. "Wannan ruwan da suke ɗurawa ne. Na uku shi ke kayar da mutum."

Na ukun saura kwana tara.

Tabawa na ji. Amma wa zai kori wanda ya taka ya zo dubiya? Sai ta ƙara musu ruwan sanyi, ta raka su ƙofa da godiya.

Daga ranar Zalika ta daina dariya. Loma biyu, ta ture kwano. Barci ya ƙaurace mata. Ko taksi ya tsaya a ƙofar gida, sai ta ɗauka asibiti za a kai ta.

Ranar randebu, ranar komawa asibiti, ta riƙe ƙafar gado. "Yaya, don Allah kar ki kai ni. Na uku ne."

Wata huɗu ana lallashi, masu dubiya na ta zuwa da sababbin sunayen matattu. Da ƙyar ta yarda ta koma. Aka yi mata hoto, lokotoro ya duba, ya juyo wurin Tabawa.

"Hajiya, maganin yana aiki lokacin da kuka tsaya. Yanzu abin ya kai hanta, jikinta kuma ba ci, ba barci, ba zai ɗauki magani mai ƙarfi ba. Me ya tsorata ta haka?"

Tabawa ta kama ƙanwarta, suka koma gida.

Zalika ta rasu bayan Sallar layya. Ranar zaman makoki, matan nan suka dawo kan tabarmar nan dai. Ɗaya ta ce, "Ai mun faɗa."

Ni ce Tabawa. Ni na ba su ruwa.

Darasi: Tsoro na cin marar lafiya kamar yadda cuta ke cin sa. In ka je dubiya, ka bar labarin matattu a ƙofa. In kai ne mai jinya, ka tsare kunnensa, ko da za a ce ba ka da kunya. Ku tura wa duk mai marar lafiya a gida, kuma ku sa Zalika a addu'a.