Jatau Mai Huluna da Maharban Teku

Ga ta nan, ga ta nanku, mai gyangyaɗi ya wartsake.

Ta zo mu ji ta, Kaka.

Wani maɗinkin hula ne, sunansa Jatau. Ya iya allura, amma bakinsa ya fi allurar tsini. Ran nan ya bugi ƙirji a kasuwa, ya ce zai kawo zanen hular da ido bai taɓa gani ba, in ya kasa, ya yarda ya ƙare rayuwarsa kai ba hula. Kun dai san magidanci ba hula abin kunya ne.

Sai ya yi ta tafiya har wani tsibiri a tsakiyar teku. Ya tarar da wani tsohon masunci, Baba Makau, ya jawo taru daga can ƙasan ruwa, cike da dodon koɗi iri-iri, kowanne da zanen bayansa.

Baba Makau ya ce, "Baƙo, kallo da ido. Waɗannan ba irin na tafkin garinku ba ne. Maharba ne, kowa da kibiyar dafi a bakinsa."

Jatau ya ce, "Haba Baba, da katantanwa muka yi wasa muna yara."

Sai ya tsuguna gaban wani dodon koɗi mai ɗigo-ɗigo. "Kai me kake ci?"

Dodon koɗin ya ce, "Tsutsa."

"Shi ya sa zanenka ba armashi."

Sai ya matsa gaban mai zobe-zobe. "Kai fa?"

"'Yan'uwana dodon koɗi."

"Allah ya kyauta. Mai cin ɗan'uwa ba ya hawa hulata."

Sai ga na uku, bayansa kamar an zuba masa zaren zinariya. Jatau ya haɗiye yawu. "Kai fa, kyakkyawa?"

"Kifi."

"Kai da za ka wuni ba ka ƙetare tabarma ba?"

"Ba na bin kowa. Jira nake a matso."

To, Jatau yana da wata ɗabi'a. Duk abin da yake so, goro ne ko allura, cikin hula yake ɓoye shi. Baba Makau na juya baya, sai ya yi wuf ya jefa dodon koɗin a hula, ya kifa a ka. Mai rabon shan duka ba ya jin bari.

Taku uku ya yi, sai ya ji sukar kibiya a tsakar ka. Ya faɗi yana kiran uwarsa. Baba Makau ya cire hular, ya mayar da maharbin ruwa, ya yi ta jinyar baƙo har kwana bakwai. Jatau ya tashi, amma kai ya kumbura kamar kabewa, ya ƙi saɓewa.

Ya koma gida ya ɗinka zanen, bai ɓata ko ɗigo ba. Gari ya ɗauka, kowa ka gani da ita a ka. Mutum ɗaya ne hular ta ƙi shiga kansa, shi ne mai ɗinkin.

Ƙurunƙus kan kusu, shi ma ba hula. In ɗan gari ya ce kallo da ido, ku rungume hannuwanku.