Kwalin da Ba a Kwance Ba

Ranar Talata, goma sha ɗaya ga Yuli, da ƙarfe bakwai da kwata na safe, na gano abin da ƙanina ya ɓoye mini. Mutumin kirki ne, mai ƙarfi kuma, amma tun yana ƙarami ake kiransa Sai-Gobe, domin ba ya ƙin aiki, ɗage shi kawai yake yi.

Lambun tuffar da muka gada shi ke ciyar da gidajenmu biyu. Babban abokin gabarsa wani ɗan faɗa-wuta ne mai launin toka, wanda tsutsarsa ke huda tuffa har cikin zuciya. Tsarina a kansa a rubuce yake. Muna rataya tarko mu ƙirga abin da ya kama, mu tsince duk tuffar da ta faɗi, mu ƙyale tsuntsaye da zanzaro su ci rabonsu. Ba ma feshi sai ƙidaya ta nuna dole. Sannan muna ɗaura kwali a gindin kowace bishiya, domin tsutsa ta shige ciki ta naɗe kanta. Duk kwana goma a kwance shi a ƙone, kafin ta yi fiffike.

Layukan yamma na Sai-Gobe ne. Da na taɓa kwalin bishiyar farko, sai na ji ya yi laushi da tsufa.

"Yaushe rabonka da kwance wannan?" na tambaye shi.

Ya sosa ƙeya. "Yaya, ai yana aikinsa. Dubi yadda ya cika da tsutsa!"

"Ya cika, ƙwarai. Ka gina musu masauki, saura ka kai musu ruwan wanka."

Matarsa, wadda ta kawo mana shayi, ta ce, "Yaya, kwana goma sha huɗu ke nan ina masa tuni. Har kunnena ya haddace sai gobe."

In tsutsotsin da ke cikin kwalayen suka fashe suka yi fiffike, mako uku ba za su cika ba sai sabuwar tsutsa ta bi lambun duka, nawa da nasa. Muka bar shayin ya huce. Mu uku muka bi bishiya saba'in, muna kwancewa muna jefawa a durom mai wuta. Ina duba kowane kwali, ina neman ɓawon da tsutsarsa ta riga ta yi fiffike ta tashi. Kaɗan ne ƙwarai. Da muka gama, Sai-Gobe ya zauna a ƙasa, ya ce a hankali, "Yau zan ɗaura sabo."

Darasin a fili yake. Aikin da aka bari rabi yakan fi wanda ba a fara ba haɗari, domin tarkon da ba a dubawa gida ne ga abokin gaba. Wanda ya ɗauki tsari, ya riƙe shi har ranarsa ta ƙarshe. Na rubuta a littafina: waɗanda aka ƙone, ɗari shida da talatin da biyu, waɗanda suka tsere, tara.