Tayil Ɗaya Ya Rage

Akwai wani mai gyaran famfo da ake wa laƙabi da Ido Mudu, saboda ba ya yawo da ma'auni. Kallo ɗaya, sai guduma.

Wata rana ruwa ya fara tsattsafowa a falon yayarsa, malamar lissafi da ta yi ritaya. Bututu ne ya ratsa ƙarƙashin daɓen a karkace, mahaɗarsa ta saki.

Tayil ɗin falon kuwa marigayi mahaifinsu ne ya shimfiɗa da hannunsa. An daina yin irinsa, uku kacal ya bari a ajiye.

Ido Mudu ya fasa na farko, ƙasa a bushe. Ya fasa na biyu, haka. Ran Yaya ya ɓaci sosai.

"Ajiye gudumar nan! Ɗaya ya rage mana. Bututun farko, daga inda ya shiga ƙasa zuwa mahaɗar, ƙafa nawa ne?"

"Goma. Ai goman na ƙirga, Yaya. Wannan ba aikin allo ba ne."

"Ta jikin bango ka ƙirga, shi kuwa a karkace ya tafi."

Kowane tayil ƙafa ɗaya ne. Ta tsaya inda bututun ya shiga ƙasa, ta taka zuwa inda ya fito: ashirin gaba, sha biyar gefe.

"Ashirin sau ashirin, ɗari huɗu. Sha biyar sau sha biyar, ɗari biyu da ashirin da biyar. Haɗa su. Wace lamba ce in ka ninka ta da kanta za ta ba ka haka?"

Ya sosa ƙeya, ya yi ta lissafi. "Ashirin da biyar?"

"Tsawon layin ke nan. Goma cikin ashirin da biyar fa?"

"Biyu bisa biyar." Yanzu ya tsuguna kusa da ita, abin ya fara ba shi sha'awa. "To, yaya za a gane wurin?"

"Ɗauki biyu bisa biyar na kowane ɓangare."

Da kansa ya ƙirga: takwas gaba, shida gefe. Ya ɗaga guduma, ya fasa tayil ɗin wurin.

Ruwa ya yi tsartuwa har fuskarsa.

Da ya gama gyaran ya ɗora tayil na ƙarshe, ya goge shi da gefen rigarsa, ya ce, "Yaya, sake nuna min daga farko."

Darasi: Gwaninta ba ta hana tambaya. Ka auna kafin ka fasa, don wani abin in ya fashe ba a samun madadinsa. Ku tura wa duk wani Ido Mudu da kuka sani.