Agogon da Gwani Ya Zaɓa

Akwai wani direban bas da abokan aikinsa suke kira Gwani. Ku yi mini haƙuri, jama'ar wannan shafi, sunansa na gaskiya ya kwanta mini, kamar yadda abubuwa da yawa suke kwanta mini a 'yan shekarun nan. Amma Gwani ya ishe mu, don ko matarsa da shi take kiransa idan tana son tsokanarsa.

Ya daɗe yana tuƙi a wani kamfanin motocin cikin gari. Layinsa yana tashi daga babbar tasha, ya bi ta bayan kasuwa, ya wuce unguwar da yake zaune, ya ƙare a wajen masana'antu. Hanya ce mai ramuka, direbobi suna gudunta. Motar kuma tsohuwa ce, sitiyarinta da nauyi, giyarta ba ta shiga sai an yi mata da ƙarfi. Shi kaɗai yake iya lallaɓa ta, kuma ya san da haka, shi ya sa magana ba ta cika shiga kunnensa ba.

A ƙa'idar kamfanin, kowane direba sai ya ga likita lokaci zuwa lokaci. Da aka zo kansa, likitar ta ɗaura masa abin awo a damtse, ta duba, ta sake dubawa. Ta ce jininsa ya hau sosai. Ta ba shi magani, ta ce ya rage gishiri, ya kuma riƙa tafiyar ƙasa kowace rana. Sannan ta faɗa masa a fili cewa idan ya dawo nan da 'yan watanni jinin bai sauka ba, ba za ta sa hannu ya ci gaba da ɗaukar fasinja ba.

Yana kan hanyar fita ta ƙara da cewa wasu suna ɗaura agogon nan mai ƙirga taku, yana ɗan ƙarfafa musu gwiwa.

Duk cikin maganganunta, wannan ta ƙarshen ce ya riƙo ya kawo gida.

Daga ranar Gwani ya shiga neman agogo. Idan ya dawo daga aiki sai ya kishingiɗa a kujerar falo, waya a kan tumbi, yana kallon bidiyon masu gwada agogo. Wannan ya ce na kamfani kaza ya fi riƙe caji. Wancan ya ce ƙarya ne, madaurinsa yana sa ƙaiƙayi. Wani ya ce a jira, sabo yana nan fitowa. Da ya tsai da shawara a kan ɗaya, sai ya ci karo da wanda ya saya ya yi nadama. Sai ya yi tsaki, ya koma farko.

Matarsa ta ce masa tunda ƙafafun suna nan, me zai hana ya fara zagaya unguwa kafin agogon ya samu. Ya ce tafiyar da ba a ƙirga ba asara ce, da me zai nuna wa likita ya yi? Ta ce ita dai ba ta taɓa jin an ce jini yana karanta lamba ba. Ya ce ta bar shi da abin da ba ta sani ba.

Haka makonni suka wuce bai taka ko'ina ba sai daga ƙofar gida zuwa bakin titi.

A ƙarshe zaɓin ya tsaya tsakanin agogo biyu. Sunayen kamfanonin na taɓa riƙe su, har na so in rubuta muku, amma sun tafi. Abin da na tuna shi ne ɗaya fuskarsa zagaye ce, ɗaya kuma mai kusurwa huɗu.

Mai zagayen, makanikin garejinsu ne yake tallarsa. Baƙin Mai suke ce masa, don ba a taɓa ganin farcensa da haske ba. Ya rantse wa Gwani cewa agogon nan ba ya ƙwange, ko atishawa ka yi sai ya rubuta maka. Ya ce shi da yake yini a ƙarƙashin mota ma, kullum sai agogon ya taya shi murna.

Mai kusurwar kuwa, shi ne a hannun ƙanwar Gwani. Ma'aikaciyar banki ce, ko ta gidan waya, ban tabbata ba, aikin zama dai take yi. Ita ma an taɓa yi mata irin wannan gargaɗin, ta fara fita tafiya da sassafe kafin aiki, har nauyinta ya ragu. Ta ce masa nata agogon ba shi da daɗin baki, idan ba ka yi tafiya ba zai nuna ba ka yi ba.

Kowannensu ya ja shi gefe ya kushe na ɗayan. Baƙin Mai ya ce na ƙanwar marowaci ne, sai ka yi taku uku ya ba ka ɗaya. Ƙanwar ta ce na makanikin maroƙi ne, yabo kawai ya iya. Gwani ya rasa na ɗauka, kansa ya yi zafi, har ya fara yi wa fasinja faɗa a kan abin da bai kai ya kawo ba.

Sai dabara ta zo masa. Ya ari na makanikin, ya ari na ƙanwar, ya ɗaura ɗaya a kowane hannu, ya tafi aiki da su. Direbobi suka yi ta dariya a tasha, wani ya tambaye shi ko ɗaya na lokacin tashi ne ɗaya na lokacin lalacewar mota.

Da yamma ya duba. Mai zagayen ya nuna dubban taku, har da hoton kofin nasara da 'yan taurari. Mai kusurwar ya nuna ɗan abin da bai taka kara ya karya ba. Washegari ya sauya musu hannu, sakamakon bai canja ba.

Ya kira ƙanwarsa ta zo ta karɓi kayanta. Ta tarar da shi a falo, ya ajiye agogunan biyu a kan tebur kamar alƙali da masu ƙara. Ya nuna mata lambobin, ya ce nata ya mutu ko kuwa an sayar mata da jabu.

Ta dubi lambobin ta dube shi. Ta ce, "Yaya, tsakaninka da Allah, ina ka je da ƙafa yau?"

Ya ce ya zagaya mota ya duba tayoyi, ya je ya sha shayi, ya dawo.

"To ai shi ne abin da nawa ya rubuta. Wancan girgizar mota yake ƙirgawa, da hannunka da ke kokawa da giya. Ramukan bayan kasuwa ne suka yi maka tafiyar."

Ransa ya ɓaci. Ya ce ita da take yini a kan kujera mai laushi a ƙarƙashin fanka, me ta sani game da tuƙi? Ya ce mutum ya yini yana murɗa sitiyarin nan yana taka kuloci, a ce bai motsa jiki ba? Agogon da ya san darajar wahalar direba shi ne agogo. Ta roƙe shi ya tashi su taka zuwa ƙarshen layi su dawo, su ƙirga da baki, su ga wanne ya faɗi gaskiya. Ya ce shi ba yaro ba ne da za a fita da shi titi ana ƙirga masa taku. Ya ce tun tana goye yake tuƙi.

Wannan ba gaskiya ba ce, tazararsu ba ta kai haka ba. Ta ɗaura agogonta, ta yi wa matar yayanta sallama, ta tafi.

Ya sayi mai zagayen.

Na sha ganin irin wannan a lokacin da nake koyarwa. Ɗalibi ya kawo maka rubutu, ka nuna masa gyara, sai ya kai wa wani malamin da zai ce masa ya yi kyau, ya dawo yana kallonka a kaikaice. Akwai wani yaro mai dogon wuya da ya yi mini haka, ina ji daga baya ya zama... to, ba shi muke magana ba. Mu koma ga Gwani.

Watannin da suka biyo baya sun yi masa daɗi, sun kuma ishi kowa. Kullum kafin la'asar agogon zai yi ɗan rawa a hannunsa, ya nuna kofi, ya ce ya cika burin ranar. Sai ya ɗaga hannu ya nuna wa duk wanda ke kusa. Ya riƙa tura wa ƙanwarsa hoton lambar ba tare da ya rubuta komai ba. Tun tana amsawa da "Allah ya ƙara lafiya" har ta daina buɗewa.

A gida ya ce a mayar masa da gishirinsa, mai motsa jiki irinsa yana zubar da shi a gumi. Maganin ma ya koma sha yau, mantawa gobe. Matarsa ta lura cewa duk ranar da ba ya aiki, agogon ba ya rawa, ba ya nuna kofi. Ta faɗa masa. Ya ce ai ko 'yan wasa suna da ranar hutu. Ta ce wandonsa na aiki fa har yanzu da ƙyar maɓallin yake shiga. Ya ce wanki ne ya tsuke shi.

Ta gaji ta zuba masa ido. Abin da ya fi ci mata rai shi ne ba ƙarya yake yi mata ba. Ya yarda da abin har zuciyarsa.

Ranar komawa wurin likita ya sa sabuwar riga. Tun kafin ya zauna ya miƙa mata hannu ta ga agogon, ya buɗe waya yana nuna mata kofunan da ya tara. Ta ce madalla, amma bari ta fara da nata awon. Ta ɗaura masa abin a damtse. Ta duba, ta ce ya huta kaɗan, ta sake. Jinin yana nan inda ta bar shi, har ya ɗan ɗara.

Ya ce na'urarta ce ta lalace. Ta ɗauko wata, ta nuna abu guda.

Ta tambaye shi ina yake zuwa tafiyar, da safe ne ko da yamma. Ya fara kame-kame, ya ce aikinsa ai duk motsi ne. Ta dubi agogon da ke hannunsa. Sannan ta ce ya duba lambar da ke kan agogon yanzu, ya riƙe ta a ka, ya nuna mata yadda yake tuƙi a hanyar tasa.

Gwani ya gyara zama a kujerar ofis. Ya kama sitiyarin da babu, ya murɗa dama, ya murɗa hagu, ya finciki giya, ya girgiza kafaɗu yadda ramuka suke girgiza shi. Da yake gwani ne, har ya ɗan shagala yana yi. Ta ce ya isa, ya duba.

Lambar ta ƙaru. Ƙafafunsa kuwa suna nan a ƙarƙashin tebur, ko takalmi bai goga a ƙasa ba.

Ta ce masa a hankali, "Malam, ba zan iya sa hannu ba. Mutum nawa kake ɗauka a motar nan? Idan jiri ya ɗebe ka a kan hanya, ba kai kaɗai ba ne."

Ya roƙe ta. Ya ce ta ba shi ko wata guda, yanzu ya gane. Ta ce watannin da za ta iya bayarwa ta riga ta bayar. Ƙofa ba a rufe take ba, idan jinin ya sauka ya tsaya, za a sake dubawa, amma ba yau ba.

Manaja bai kore shi ba. Ya karɓi makullin motar, ya ce daga gobe zai riƙa tsayawa a filin tasha yana nuna wa motoci inda za su tsaya. Da Gwani ya biya ta gareji, Baƙin Mai ya leƙo daga ƙarƙashin wata mota ya ce shi fa agogo ya ce masa yana da kyau, bai ce masa likita ba ne. Gwani ya juya ya bar garejin.

Ya fito bakin tasha zai tafi gida. Motar da ke bi ta unguwarsu ita ce tasa, ga ta tana lodi, wani direban yana ciki yana fama da giya tana ƙara. Fasinjojin duk sun san shi. Ya hango wata tsohuwa da kullum take zama a bayansa tana leƙe, tana neman inda yake. Ya ji ba zai iya shiga ya zauna a cikinsu ba.

Sai ya bi gefen titi da ƙafa.

Ya wuce bayan kasuwa lafiya. Daga nan numfashinsa ya fara sama-sama, cinyoyinsa suka yi nauyi, sabuwar rigar ta manne masa a baya. Ya tsaya ya dafa katangar wani shago. Ya waiwaya, sai ya ga rufin kasuwar a ƙasa da shi. Ya ci gaba, ya sake tsayawa. Motar tasa ta zo ta wuce shi tana hayaƙi, ya juya fuska bango har ta yi nisa.

Da ya isa gida ya zube a bakin ƙofa, ko takalmi bai cire ba. Matarsa ta ga hannunsa babu makulli, ta ga rigar sharkaf. Ta kawo masa ruwa. Ya sha, ya daɗe yana mai da numfashi.

Can ya ce, "Wai dama akwai hawa tsakanin kasuwa da gidan nan?"

Ta karɓi kofin ta ce, "Akwai, Gwani. Kullum ta nan nake hawowa da kayan cefane."

Darasi: Idan za ka zaɓi abin da zai auna ka, agogo ne ko aboki ko malami, kada ka ɗauki wanda ya fi faranta maka rai, ɗauki wanda ya fi gaya maka gaskiya ko da ba ta yi maka daɗi ba. Kuma kada neman kayan aiki ya hana ka fara aikin. Ku tura wa 'yan'uwa da abokai wannan labari, musamman wanda kuka san likita ya yi masa magana amma har yanzu yana zaune yana zaɓe.