Gidan da Ba Ya Hayaƙi

Ga ta nan, ga ta nanku, kowa ya gyara zama.

Ta zo mu ji ta, mu ƙaru.

Wata shekara ruwa ya ɗauke tun gero bai fid da kai ba. Yunwa ta shiga garin dabbobi. Sai Giwa, uwar gari, ta ce a buɗe rumbun gayya da ke kan tudu a raba wa kowa. Ta naɗa Barewa mai rabo, don ta fi kowa zafin nama.

Barewa ta hau tudu ta ƙwala shela: "Mai son gero ya zo da ƙwaryarsa kafin rana ta take tsaka!" Masu ƙafa suka ruga, aka auna musu, suka koma.

To, a ƙarshen gari akwai tsohuwa Iya Kunkuru. A damanta gidan Jaki, wanda tsufa ya kashe wa kunne. A hagunta gidan Zabuwa, wadda tarko ya cinye wa ƙafa ɗaya. Iya ta leƙa ta tarar Jaki na lasar bango, Zabuwa kuwa ta kwanta, ko kai ba ta iya ɗagawa. Ta ce, "In na zauna, waɗannan ba za su ga sabon wata ba." Sai ta kama hanyar tudu.

Ta yi ta ja, ta yi ta ja. Kwana uku cur kafin ta isa.

Ta tarar Giwa na tambayar Barewa, "Kowa ya samu?"

Barewa ta ce, "Ranki ya daɗe, duk wanda ya zo ya samu."

Iya ta ce, "Wanda bai zo ba fa, 'yar nan?"

Barewa ta ce, "Ai ƙoshi ya hana shi. Tudun nan tsalle biyu ne."

"Tsalle biyu a ƙafarki. Ni kwana uku na yi. Jaki bai ji shelarki ba, Zabuwa ta ji amma da me za ta hau?"

Barewa ta taɓe baki ta ce, "To, in sadaka suke so, sai su aiko."

Sai Iya ta miƙa wuya iya tsawonsa ta ce, "Kul! Wace sadaka? Damman da ke cikin rumbun nan a gadon bayan Jaki suka hau tudu, shekara ashirin, tun ba a haifi uwarki ba. Zabuwa ce ta tsince fara a gonar gayya har gero ya nuna. Nasu ne. Rabonsu za ki kai musu, ki yi sallama, ki durƙusa."

Giwa ta ce, "Iya, ta yaya za mu san wanda aka bari a baya?"

Iya ta ce, "Ku bar duban waɗanda suka hau. Gobe da hantsi ku dubi ƙasa. Gidan da ba ya hayaƙi, can yunwa take."

Ta faɗi haka ta juya, ko ruwa ba ta sha ba.

Da hantsi Barewa ta duba. Hayaƙi na tashi ko'ina, ban da ƙarshen gari. Sai ta ɗauki gero ta ruga. Ta yi wa Jaki sallama, bai ji ba. Ta zagaya gabansa ta durƙusa, ta nuna masa ƙwarya. Ta ajiye wa Zabuwa nata, ta ajiye na Iya a bakin ƙofa.

Washegari ta duba. Gidan Jaki na hayaƙi, na Zabuwa shiru. Ta je ta ce, "Gwaggo, ba ga gero ba?"

Zabuwa ta ce, "Na gan shi, yana kallona ina kallonsa. Da ƙafa ɗaya zan tsaya bakin turmi?"

Kunya ta kama Barewa. Ta surfa, ta daka, ta ɗebo ruwa, ta yo itace. Zabuwa ta dama kununta da kanta.

Rana ta uku Barewa ta duba. Saura gida ɗaya, na Iya Kunkuru. Barewa ta zabura. Ta ruga ta tarar da gero a bakin ƙofa yadda ta bar shi, ɗaki wayam. Ta bi hanya tana kuka, tana kiran "Iya! Iya!" Sai ga tsohuwa a gindin wata ƙirya, tana ja, ba ta kai gida ba tukuna.

Barewa ta ce, "Iya, hau bayana in kai ki."

Iya ta ce, "Ni ba dami ba ce. Da ƙafata na je, da ita zan koma. Zabuwa ta sha?"

"Ta sha."

"Jaki fa?"

"Har ya yi kuka, gari duk an ji."

"To, je ki hura mini wuta. Ina tafe."

Kafin la'asar hayaƙi ya tashi a kowane gida na garin nan. Tun daga ranar, ba a rufe rumbu sai mai rabo ya dubi ƙasa.

Ku ma ku riƙe. In an ba ku rabo, kada ku ce kowa ya samu don layi ya ƙare. Wanda ya fi buƙata shi ne bai iya zuwa ba, kuma ba roƙonku yake ba.

Ƙurunƙus, na sauke ta nan, mai kunne ya ɗauka.