Takalman Dama Biyu a Kwali Ɗaya

Akwai wata baiwar Allah da ke shugabantar masu sayarwa a wani babban shagon takalma. Kowa Anti yake ce mata, har waɗanda suka girme ta. Ba ta daɗe da samun muƙamin ba, kuma da aikin nan take riƙe da mahaifiyarta da 'ya'yanta biyu.

Mai shagon kuwa, wanda suke kira Oga, mutum ne mai zuciya a kusa. Kuskure ɗaya ya ishe shi ya nuna maka ƙofa. In ya shigo, ko tari ne ya taso maka sai ka haɗiye abinka.

Ga yadda suke aiki: ƙafar dama kaɗai ake jerawa a kan kantar shago, ta hagu tana cikin kwali a sito. In mai saye ya zaɓa, sai a ɗauko ɗan'uwan a haɗa masa. Kuma doka ce, kwali ba ya fita sai Anti ta buɗe ta duba.

Wata safiya sai ga wani magidanci ya faɗo shagon. Kayansa sun sha guga, amma ƙafarsa silifas ɗin wanka ne. Ya dire kwali a kan teburi.

"Ku dube ni da kyau! Ƙafafun dama biyu Allah ya yi min?"

Aka buɗe kwali, ga takalma masu sheƙi, duka biyun na dama. Jiya ya saya, yau yake da ganawar neman aiki, kuma bai buɗe ba sai da ya gama shiri.

Wadda ta haɗa kwalin wata sabuwar ma'aikaciya ce da ta sha wahala kafin ta samu aikin. Tana tsaye a gefe.

Oga ya fito daga ofis a fusace. "Wa ya yi wannan aika-aikar?"

Anti ta dubi sabuwar, ta tuna nata 'ya'yan. Ta ji tsoro ƙwarai, amma ta san inda gaskiya take.

"Ni ce, Oga. Ta hannuna kwalin ya wuce. Shago ya cika jiya, na ce a miƙa masa kawai, ban buɗe ba."

"To aikinki ya ƙare. In an tashi yau, ki tattara naki-ya-naki."

"Na ji, Oga. Amma bari in sallami bawan Allah nan tukuna, lokacinsa yana tafiya."

Ta shiga sito da kanta ta nemo na hagun, ta goge su, ta ajiye a gabansa tana ba shi haƙuri. Mutumin ya sa, suka zauna masa ɗas.

"Ni fa ban ce a kori kowa ba," in ji shi.

Anti ta ce, "Kai dai hanzarta, Malam. Allah ya ba da sa'a."

Bayan ya fita ta laɓe a bayan kwalaye ta yi kukanta, ta wanke fuska, ta dawo ta ci gaba da yi wa masu saye murmushi har la'asar.

Dab da tashi, sabuwar ta tako gaban Oga. "Ranka ya daɗe, ni na haɗa kwalin nan."

Kafin ya buɗe baki, sai ga Baba mai sito, wanda ya fi kowa daɗewa a shagon, yana jan wani ƙaton buhu. Ya zazzage shi a tsakar shago. Takalma ne warin-warin, sababbi fil, sai dai ƙura. Wata ma'aikaciya ta jawo leda daga ƙarƙashin kantar shago, wani ya hau kujera ya sauko da nasa daga saman durowa. Kan ka ce me, an tara tuli.

"Mene ne wannan?" in ji Oga.

Baba ya ce, "Kurakuranmu ne, Oga. In shago ya cika ana ta gwaji, takalmi kan rabu da ɗan'uwansa. Wanda ya tsinci wari ba ya iya faɗa, don ya san kora ce, sai ya ɓoye. Shekara da shekaru haka muke. Yau mun ga wadda ta tsaya ta ce ita ce. In kora ce, ka haɗa da mu duka."

Oga ya sunkuya ya ɗauki wani jan takalmi mai tsini, ya juya shi. Ya gane shi sarai. A kansa ya taɓa korar wata yana ce mata ɓarauniya. Kunya ta rufe shi.

Ita kuwa Anti tuni ta zauna a ƙasa ta ɗaga wani sama. "Baƙi mai igiya, na hagu. Wa ke da damansa?"

"Ga shi nan!" in ji sabuwar.

Ashe, jama'a, kowa da maɓoyarsa! Wannan ya ɓoye dama, wancan ya ɓoye hagunsa, ba wanda ya san na wani. Aka shiga haɗawa, duk wanda ya samu ɗan'uwansa sai a sa ihu da tafi. Kayan da Oga ya daɗe da fidda rai da su suka riƙa komawa kwali ɗaya bayan ɗaya.

Oga ya gyara murya. "Anti, ba inda za ki. Daga yau wanda ya yi kuskure ke zai gaya wa, kuma ba mai rasa aikinsa don ya faɗi gaskiya. Waccan da na kora ma, a nemo min ita."

"Na gode, Oga," in ji Anti, hawaye na zuba tana dariya. "To miƙo min takalmin can mai ruwan ƙasa da ke kusa da ƙafarka."

Oga ya naɗe hannun riga, ya durƙusa ya miƙo mata. Shago ya kaure da shewa.

Darasi: Shugaban da ake tsoro ba ya hana kuskure, ɓoye masa kawai ake yi. Wanda ya iya cewa "laifina ne" shi yake buɗe bakin na ƙasa da shi su faɗi gaskiya. Ku tura wa duk wanda ke da mutane a ƙarƙashinsa, ko da mutum ɗaya ne.