Garwashin Iya Tasalla Mai Ƙafa

Dalilin da ya sa kuke ganin ana shafa wa 'yan tsaki jar galura a cikin gari, ku matso ku ji. Kai mai mutsu-mutsun nan, zauna mana, ka taka mini ƙafa!

Da can babu mai rina ɗan tsako. A wani lungu na cikin birni an yi wata tsohuwa mai saƙar faifai, Iya Tasalla. Gidanta ɗan mitsitsi ne, in ta shimfiɗa tabarma biyu a tsakar gida, to baƙo sai dai ya tsaya a zaure. Ba rumbu, ba bishiya, balle ciyawar da ɗan tsako zai shige in ya ga inuwa a sama.

Kaza guda ta rage mata, wake-wake, cikin irin da mahaifiyarta ta bar mata. Sau uku kazar na ƙyanƙyasa, Shirwa na zuwa tana kwashewa ɗaya bayan ɗaya, sai ka ce ajiya ta bayar. Iya ta gwada kife su da kwando, suka yi ta ramewa don rashin rana. Ta gwada zaman gadi da muciya, to wa zai yi mata saƙar? Da kazar ta fito da bakwai a karo na huɗu, ga shi ta tsufa, Iya ta san in waɗannan suka tafi, irin ya yanke ke nan. Abin ya dame ta ƙwarai, ko tuwo ba ya yi mata daɗi.

Rannan da hantsi ta dafa galura za ta rina kaba, ta juye a kasko ya huce. Ta ɗaga kwando don 'yan tsakin su sha iska, ta shiga ɗaki ɗauko kabar. Kun dai san ɗan tsako da karambani. Na fari ya ɗane bakin kasko ya leƙa, sai tsulum! Sauran suka ce ba da mu ba zama, suka bi shi.

Iya ta fito ta ɗora hannu a ka. "Wayyo ni Tasalla! Shirwa ba ta ci ba, ni zan kashe su da hannuna!"

Ta tsamo su, ta goge su da gefen zane, ta jera a rana. Allah ya kiyaye, suka bushe garau, amma fa sun yi jawur. Uwarsu ma sai da ta zagaya su sau uku tana harararsu da ido ɗaya kafin ta yarda nata ne.

Ana haka sai ga Shirwa ta dira a kan katanga.

"Sannu da aiki, Iya. Na ji an yi mana ƙaruwa, na zo barka. Ina yaran?"

Muciya na can nesa, ga 'yan tsaki a fili. Iya ta daure ta ce, "Ga tsakar gidan nan duka, ai ba ta da wurin ɓoyo. Duba."

Shirwa ta karkata kai hagu, ta karkata dama. "Ban ga ɗan tsako ba. Waɗannan jajayen fa masu yawo?"

Iya ta lura Shirwa ta ɗan ja da baya, nan take dabara ta faɗo mata.

"Au, garwashina ne. Murhu ya yi musu ƙunci, na sake su su miƙe ƙafa."

"Garwashi da ƙafa?"

"Ke kam an yi baƙauya! A birni fa kike. Ɗauki ɗaya mana, ga wancan ya fi ruruwa."

Ita kuwa Shirwa ta taɓa ƙona faratanta a gobarar daji, ba ta manta ba. Daidai lokacin wani ɗan tsako ya biyo ƙuda a guje, ya nufi gindin katanga.

"A'a, a'a, Iya, riƙe kayanki!" Ta tashi fir har tana zubar da gashi.

Iya ta yi dariya har da hawaye. Bakwai ɗin nan duk suka girma, ko ɗaya bai yi ciwon kai ba. Ta raba wa maƙwabta iri, ta haɗa musu da ƙullin galura.

Shi ya sa har yau ake rina 'yan tsaki, kuma shi ya sa kuke ganin Shirwa na ta shawagi a saman gidaje tana leƙe. Jira take garwashin ya huce. Kafin ta ankara kuwa, garwashin ya hau katanga ya yi cara.